Kimiyya a Tsakar Gida Bayan An Tashi Makaranta



Yau zancenmu a kan ɗan lokacin nan ne da yaro ke samu tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya, da kuma lesin ɗin yamma da muke biya wa kuɗi. Galibin lesin maimaici ne: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace. Hadda tana da wurinta, amma kimiyya ba ta zama a kai sai yaro ya taɓa da hannunsa, ya gani da idonsa, ya ce "me ya sa?"

Kada ki ce ai ke ba ki yi boko ba. Kayan aikin suna madafinki. Ki jiƙa zoɓo, ki raba shi kofi uku. Na farko ki bar shi haka. Na biyu yaro ya matsa lemun tsami, zai ga jan ya ƙara haske. Na uku ya zuba ruwan kanwa, nan take zai yi duhu, ya koma kore-kore. Launin zoɓo ne ke juyawa idan ya gamu da abu mai tsami ko kishiyarsa irin kanwa, darasin da ake yi a sakandare ke nan. Gobe ya gwada tsamiya da toka da sabulu, amma kafin ya zuba, ya fara cankar launin da zai fito. Waɗannan dai ba na sha ba ne, a zubar.

Ga randa kuma. Me ya sa ruwanta ya fi na bokiti sanyi? Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Da wannan hikimar wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. Har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki sa yara su haɗa ƙarama, su ajiye tumatir ɗaya ciki, ɗaya waje, su riƙa ƙirga kwanaki. A gwada da rani, a sake da damina, su faɗi dalilin bambancin.

Don Allah, banda ware 'yan mata a ɗora musu talla a wannan lokacin. Mu ne fa muke kukan rashin likita mace idan mun je awo.

Maganar lesin kuwa, ki roƙi maigida ya tayar da ita a taron iyayen yara: a ware ko rabin awa a mako don irin waɗannan gwaje-gwaje, ba sai an sayi komai ba. Ya kuma tambaya ko makarantar tana da ƙungiyar JETS ta ɗaliban kimiyya, a sa sunan yaro. In yaro ya yi miki tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce ya rubuta a littafi ya kai wa malam, ya dawo miki da amsa.