Talla da Siffar Mace a Ƙasar Gobir: Misali daga Burkusuma da Kewayenta

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba irin siffar da tallan zamani yake bai wa mace, da abin da wannan siffa take haifarwa a zukatan mata da zaman jama'a. Mun zaɓi Burkusuma da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, watau bakin iyakar Gobir ta Jihar Sakkwato, domin galibin masu nazarin talla a birane suke tsayawa, sai ka ce inda babu allunan bakin titi talla ba ya zuwa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tsaya kan kalmar kanta. Da Bahaushe ya ji an ce talla, yarinya yake fara gani da faifai ko tire a kai, ta ci kwalliya, tana kiran fura ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Uwar da ke cikin kulle ita ta sarrafa kayan, ita ke da jari, kuma da ribar ake tara wa yarinyar kayan ɗaki. Haka nan dillaliya take bin gida-gida da zannuwa da kwanoni, tana kururuta su da bakinta. Ba mu ce wannan tsari ba shi da aibi ba, don malamai sun daɗe suna kuka da yadda talla yake hana 'yan mata karatu. Abin lura dai shi ne, a tallan gargajiya mace ita ce mai kaya, ita ce mai magana. Da tallan kamfanoni ya zo, sai ya karɓe kayan, ya karɓe maganar, ya bar mata fuska kawai.

Ta ina wannan talla yake shiga ƙauye kamar Burkusuma? Rediyo yana nan tun da daɗewa, wayar hannu kuma ta zo da hotuna da bidiyon da ake turawa ta WhatsApp. Amma a ganinmu, hanyar da ta fi kowace tasiri ita ce jikin kayan da kansa, watau kwalin sabulu da kwalbar man shafawa da ledar ɗanɗanon miya. Da yawa daga mayukan da ke yawo a kasuwannin bakin iyaka rubutun Faransanci ne ko Turanci a jikinsu. Mace wadda ba ta yi boko ba ba za ta karanta abin da aka haɗa man da shi ba, balle gargaɗin da ke ƙasa. Hoto take karantawa. Hoton kuwa kusan kullum ɗaya ne: budurwa fara sol, fuska sumul, tana murmushi. Tallan sabulun wanki da na kayan miya su ma sun tsayar da mace tsakanin murhu da bahon wanki, ana auna darajarta da yabon miji. Ba a cika nuna ta tana noma ko kiwo ko koyarwa ba, alhali duk tana yin su.

A nan wajibi ne mu yi wa talla adalci. Ba shi ya ƙirƙiro son farar fata ba. Bahaushe ya ce farar mace alkyabbar mata tun kafin ya ga kwalin sabulu. Sai dai a da, fari ɗaya ne daga cikin ma'aunai masu yawa. Ana yabon wankan tarwaɗa, ana yabon baƙa mai sheƙi, da wushirya, da dara-daran idanu, da kitso, da lalle. A Gobir musamman, kyan fuska yana tafiya da tsagar gado, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, wadda mai ita yake alfahari da ita ko a Tsibiri yake ko a Sabon Birni. Ƙasar da ta san sarautar Inna, mace mai faɗa a ji a fadar Sarkin Gobir, ba ta rasa misalin mace mai daraja ba. Abin da talla ya yi shi ne ya ɗauki ma'auni guda ya danne sauran, sa'an nan ya ce ana sayensa da kuɗi. Abin da a da ake ɗauka halittar Allah ce, yanzu ya koma abin da ake zargin mace in ta rasa shi: ai ba ta gyara ne.

Wannan shi ne lahanin da ya fi zurfi, domin a zuci yake. Yarinya Bagobira ta dubi madubi, ta dubi kwali, ta ga babu inda suka haɗu. Ba ta san an gyara hoton da na'ura ba, har ita mai hoton ba haka take ba. Daga nan sai raina kai, sai gasa tsakanin kishiyoyi da ƙawaye. Maza kuma ba su kuɓuta daga laifi ba, tun da a akwatin lefe ake zuba waɗannan mayuka, kuma dangin ango ne suke sayo su.

Lahanin jiki kuwa likitoci sun bayyana shi. Mayukan bilicin sukan ƙunshi zaiba, ko sinadarin haidirokwinon, ko magungunan sitiroyid. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya isa ga ɗan tayi. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa, ya sa rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokwinon, in an daɗe ana shafa shi, yakan bar baƙin tabo wanda ya fi launin asali duhu, kuma rana tana tsananta shi. To, ina ga matar da take wuni a gona ko a bakin rijiya cikin ranar bazarar Gobir?

Akan ambaci wani adadi da ya fito a takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da waɗannan mayuka. Muna jan hankalin 'yan'uwa malamai su yi hattara da shi, domin asalinsa binciken da aka yi ne tsakanin 'yan kasuwa a Ikko, ba ƙidayar ƙasa ba. Ba daidai ba ne a ɗauko shi a ɗora wa matan Isa. Duk da haka matsalar ta kai hukumar NAFDAC ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a 2023.

An ɗan sami sauyi daga sama. A 2017 an yi ta sukar wani tallan Nivea na man ƙara hasken fata da aka kafa a Nijeriya da Gana. A 2020 kamfanin Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely. A 2022 hukumar kula da talla ta ƙasa, ARCON, wadda ta gaji APCON ta 1988, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a hotuna da muryoyin talla. Amma waɗannan matakai manyan kamfanoni da gidajen talabijin suka shafa. Ba su kai ga kwalbar da aka tsallako da ita a kan babur ba, ko haɗin da wata ta dama a ɗakinta ta zuba a roba babu suna. Rashin tsaron da ya addabi Sabon Birni da Isa, har aka katse layukan waya a yankin a 2021, ya ƙara nesanta jami'an bincike daga waɗannan kasuwanni.

Shi ya sa muke ganin duk wanda zai yi aikin wayar da kai a wannan yanki, da dillaliya da mai kitso da ungozoma ya kamata ya fara, domin su ne suke shiga ɗakunan da jami'in hukuma ba ya shiga, kuma maganarsu ake ɗauka kan abin da za a shafa wa amarya. Ɗalibanmu mata na kwalejojin ilimi da suka fito daga waɗannan garuruwa za su iya tattaro kwalayen da ake sayarwa a kasuwanninsu lokacin hutu, a zauna a aji a fassara abin da aka rubuta a jikinsu zuwa Hausa, da boko da ajami.