Majigi, kallon kyauta mai ɗauke da saƙo

Ƴan kasuwa maza da mata, kalmar majigi da muke ji a bakin tsofaffi ba Bahaushiya ba ce. Daga Ingilishi aka aro ta, asalinta sunan wata na'ura ce, fitilar siddabaru. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ake danganta wa ƙirƙirarta wajen 1659: akwati ne da fitila a ciki, a zura gilashi mai zane, sai hoto ya faɗa a bango, ƙato.

A ƙasar Hausa sunan ya koma kan motar sinima da Turawan Ingila suka riƙa yawo da ita a Arewacin Najeriya. William Sellers, jami'in tsabta a Legas, ya fara da finafinan yaƙi da annoba, a 1939 kuma ya shugabanci sashen finafinan mulkin mallaka. Mu mutanen Konni, maƙwabtan Sakkwato, ba mamaki kalmar ta tsallako mana iyaka.

Bayan magariba a kafa farin ƙyalle a fili, tafinta ya riƙe lasifika, gari ya taru. Ba a biyan ko dala, amma fa ba don Allah ake yi ba, hukuma ce ke tallar hajarta: rigakafi, tsabtar gida, noman auduga kamar a fim ɗin Baban Larai. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gaji motocin, ta riƙa nuna wa talakawa rangadinsa da ayyukanta a ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.