Ƙwallon Bakin Kanal: Abin da Na Koya a Wani Fili Tsakanin Kura da Bunkure

'Yan uwana ɗalibai, bari in fara da tambaya. A cikinmu mutum nawa ne za su iya jero 'yan wasan Arsenal ko na Barcelona ba tare da sun yi numfashi ba? Na san muna da yawa. To, mutum nawa ne za su iya faɗin sunan kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarsu? Nan fa ɗaya. Ni ma haka nake, har zuwa lokacin da aikin SIWES ya kai ni yankin noman rani na Kadawa, wani abokina ɗan Kura ya ja ni kallon wasa.

Ga wanda bai san wajen ba, Kura tana kan titin Kano zuwa Zariya, kilomita 30 da ɗoriya daga birni. Ruwan da ake noma da shi daga dam ɗin Tiga yake fitowa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Manyan kanal ne suke ɗauko shi, ƙanana su rarraba shi cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da kimanin hekta 22,000. Shinkafa, tumatir, albasa, alkama, masara, duk ga su nan. Na kawo wannan ne saboda ba za ka fahimci ƙwallon yankin ba sai ka fahimci nomansa.

Mun isa filin bayan sallar la'asar. Filin makarantar firamare ne, ba ciyawa, ba katanga, ba tikiti. Da toka aka ja layuka, turakun raga kuma bututun ƙarfe ne. 'Yan kallo sun yi da'ira: wasu a kan babura, yara a kan bishiyar darbejiya, masu rake da gyaɗa da awara suna zagayawa, wani matashi kuma riƙe da lasifika yana sharhi yana yi wa 'yan wasa kirari. Wasan kusa da na ƙarshe ne na wani kofi da matasan ƙauyukan suka haɗa.

Abu na farko da na lura da shi, lokaci. A doka wasa minti 90 ne, 45 kowane ɓangare. A nan kuwa rana ce agogo. Yawancin 'yan wasan daga gona suke, wani ma da taɓo a ƙafarsa ya iso, don ranar ce layinsu na ban ruwa. Ba a iya farawa da wuri, kuma dole a tashi kafin magariba tunda babu fitila. Saboda haka kyaftin biyu da rafali suka yi yarjejeniya a kan minti 35-35. Dokar ƙwallo ta yarda a rage lokaci in an amince kafin a take wasa kuma ƙa'idar gasar ba ta hana ba.

Na biyu, kuɗi. Na tambayi abokina, "Wai wa yake ɗaukar nauyin duk wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Mu mana." Kowace ƙungiya tana biyan kuɗin rajista, daga ciki ake sayen kofi da ƙwallo, a sallami rafali. Jesi karo-karo ake yi, ko wani mai injin casar shinkafa ya saya musu. Shi ya sa gasa ta fi armashi bayan an yi girbi an sayar, lokacin da aljihu ya yi nauyi. In kuwa tumatir ya faɗi a kasuwar Kwanar Gafan, har a filin ƙwallo sai an ji a jika.

To, ina irin wannan wasa yake a tsarin ƙwallon Najeriya? Ku ɗauke shi kamar tsani. A can sama akwai gasar Firimiya ta ƙasa, NPFL. Ƙasa da ita akwai NNL, wadda masu sharhin rediyo a Kano suke yi wa laƙabi da gasar gajiyayyu. Sai NLO, mataki na uku. Daga nan sai gasannin da hukumar ƙwallon kowace jiha take shiryawa rukuni-rukuni. Kofin da na kalla bai ma taka matakin farko na tsanin ba, don ba a yi masa rajista da hukuma ba. Amma daga irinsa ake tsinto yaran da ke cika ƙungiyoyin jiha. Ƙungiyar da ta yi rajista kuma tana iya shiga kofin jiha, wanda daga shi ake samun wakilai zuwa Kofin Ƙalubale na ƙasa, gasar da ta samo asali tun 1945.

Tsanin nan hawa ake yi, ana kuma saukowa. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Duk da haka ta faɗa NNL a 2022, sai a 2023 ta dawo. Barau FC kuma ta hau Firimiya a 2025. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 4 a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018, ta JUTH ta Jos da Pillars ya bi kafin ya tafi Turai. Babu wanda ya faɗo daga sama.

Mu koma fili. Saura 'yan mintuna a tashi, masu masauki na gaba da ci 1-0, sai baƙi suka samu jifa kusa da kusurwa. Wani dogon yaro ya wurgo ƙwallo da nisa, ta sauka gaban ɗan wasansu da ke tsaye shi kaɗai bayan masu tsaron baya, ya zura ta a raga. Rafali ya nuna tsakiya. Kafin ka ce kwabo, fili ya cika da mutane. "Satar gida ce! An saye rafali!" Wallahi gabana ya faɗi, don na ga wani ya riga ya ɗago karan rake, rafalin kuma ba shi da kowa sai usur ɗinsa.

Ga yadda dokar take, don ni ma sai da na koma na duba. Ana cewa ɗan wasa yana wurin satar gida idan yana ɓangaren abokan hamayya, kuma ya fi ƙwallo da mutum na biyu daga ƙarshe a cikinsu kusa da layin raga, a daidai lokacin da ɗan uwansa ya bugo masa. Amma akwai wurare 3 da babu satar gida in ƙwallon ta zo maka kai tsaye: jifa, bugun kusurwa, da bugun gola na fitar da ƙwallo daga gida. Wato rafali ne da gaskiya. Mutanen da suka kusa dukansa kuwa kusan kullum suna gidan kallo, sun san komai game da VAR, amma wannan ɗan layi na doka ya kuɓuce musu.

Wani dattijo ne ya ceci lamarin. Ya shiga tsakiya da carbinsa a hannu, ya kama hannun kyaftin ɗin masu masauki ya ce, "Ɗana, gobe da asuba waɗannan da kake son duka, ba su ne za ku haɗu a bakin kanal ɗaya ba? In kun fasa kai yau, wa zai buɗe wa wani ruwa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Baba." Shi da kansa ya dinga kora magoya bayansa waje. Aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fenariti, rafali ya auna taku daga raga a madadin mita 11, baƙi suka yi nasara ana daf da kiran sallah.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin maganar dattijon. A gidan kallo, in aka ci ƙungiyarka, iyaka a yi maka tsiya ka tafi. A can kuwa wasa ɗaya yana iya ɓata zumuncin ƙauye biyu masu shan ruwan kanal ɗaya, yana kuma iya ƙulla shi. Ga kuma yaran da ke da ƙafa sosai, amma babu mai rubuta sunansu, babu akwatin agajin farko in sun karye, babu mai gaya musu cewa wakilin da ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza abin gudu ne.

A nan ne nake ganin muna da rawar takawa. Ɗan safiyo zai iya auna musu fili: tsawo mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90. Ɗan sashen walda ya san yadda zai haɗa raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44. Ɗan aikin jarida yana da waya, ya ɗauki wasan ya saka a Facebook. Ɗan akanta ya riƙe musu littafin karo-karo don kada a yi ta zargin juna. Mai sha'awar alƙalanci kuma ya nemi ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha ya yi kwas.

Ban ce ku daina kallon Firimiyar Ingila ba, ni ma ban daina ba. Amma hutun nan, in kun koma gida, ku ware yammaci ɗaya ku je filin garinku. Ku je da wuri, ku tsaya nesa da layi, kuma don Allah kafin ku zagi rafali, ku tabbata kun fi shi sanin doka.