Ɗanye da gasasshe: kalmomin jego da abin da suke ɗauke da shi

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa kalmomin da mata Hausawa suke amfani da su game da jego tsari guda ne, kuma wanda bai gane shi ba, gargaɗinsa ba ya shiga kunnen mai jego.

2. Tsarin ma'ana

Ana cewa macen da ta haihu tana da « ɗanyen jiki ». A Hausa, kishiyar ɗanye ita ce gasasshe ko nunanne. Ke nan, jiki na bukatar wuta, abokin gabansa kuwa « sanyi » ne. Daga nan sauran kalmomi suka samo tushe: wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har kwana 40, gashi bisa gadon ƙasa, kunun kanwa mai yaji. Jariri ma ana gasa masa cibi. Nonon farko kuwa, wato dakashi, a wasu gidaje ana ɗaukar sa gurɓatacce, a tatse a zubar.

3. Inda matsala take

Tun shekarun 1970, Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciya na bayan haihuwa a Zariya da yawan kanwa da zafi. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa ƙarancin sinadarin seleniyom a jini yana cikin abubuwan da ke tare da cutar. Alamunta su ne kumburi da haki. Amma cikin tsarin da muka bayyana, kumburi shaida ce ta shigar sanyi. Sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa, cuta ta ƙara tsanani.

4. Kammalawa

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati na 6, kuma a ba jariri nono cikin awar farko. Mu lura: ranar suna ta faɗo cikin zuwa na uku, arba'in kuma dab da na huɗu. A ganinmu, mai fassara saƙon likita ya kamata ya jingina shi ga waɗannan ranaku, kuma ya ce « ruwa mai ɗumi » maimakon « a bar wanka », domin kaka da ungozoma ba za su yarda a bar ƴarsu ɗanya ba.