Ɗan Abin da Ke Kai Kwamfutar Ƙetare Intanet

Yau shirin namu ya yada zango a Ƙetare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, kuma zancen namu a kan wani ɗan abu ne da bai wuce tsawon yatsa ba.

Ga matashi ya yi tari, ya sayo kwamfutar hannu 'yar gwanjo a Beirut Road ta Kano. Mai gyara ya wanke ta, ya zuba mata Windows 7. Da ya iso gida ya kunna, sai ga jar alama a kusurwar allo, babu intanet. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da wankin ya tafi da shi shi ne direba, 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da na'urar kama sabis. Nan fa ƙullin yake: sai da intanet zai sauko da direba, kuma sai da direba zai shiga intanet.

Shi ya sa har gobe nake yaba wa modem ɗin nan na MTN da Glo da Airtel, waɗanda akasari Huawei da ZTE suka ƙera. Shi da guzurinsa yake tafe. Da ka soka shi a ramin USB, kwamfuta za ta ɗauka faifan CD ne. Sai ya zuba direbansa da kansa, sannan ya rikiɗe ya koma modem. Ka zuba wa 'yar fitilarsa ido: in ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, an haɗu.

Ƙaramar adaftar Wi-Fi ta fi ba da wahala. Takan zo da ɗan faifai, alhali kwamfutoci da yawa ba su da wurin sa shi. Kada sunan da ke jikin kwali ya ruɗe ka, abin da ke cikinta za ka bi, ko na Realtek ne ko na MediaTek. Ka sauko da direban a wayarka, ka tura ta igiyar caji. Kuma don Allah, kafin a wanke kwamfuta, a kwafe direbobinta a filash.

Sai dai modem ba ya ƙera sabis, kamowa yake yi. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana rashin sabis a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, don matsa wa 'yan bindiga. Mai neman aika takarda ɗaya sai ya biya kuɗin mota zuwa inda ake kamawa.

Inda sabis ke da rauni kuwa, a nemi igiyar ƙari ta USB, kada ta wuce mita 5. A ɗaure modem a saman taga, ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, a kare shi daga rana da ruwa.