Sabuwar Fijo Mai Lantarki da Kishiyoyinta

Ina so in yi ɗan bayani a kan wata ƙaramar mota da kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya nuna wa duniya a watan Yuni na 2025, a garin Le Mans, inda a ke tseren motoci na awa 24. Sunan motar E-208 GTi. Ba ta shan fetur ko ɗigo, da lantarki ta ke tafiya. Tun ranar da hotunanta suka bazu, masu sha'awar mota su ke ta gardama a kan abu biyu. Na farko, ko ta cancanci waɗannan haruffa uku da aka manna mata a baya. Na biyu, ko za ta iya da kishiyoyinta. Mu ma nan ɗakin kwananmu an sha yin wannan gardama bayan firef, amma na lura yawancin masu yi ƙarfin doki kawai su ke dubawa. Ni kuwa a ganina nauyin motar ya fi cancanta a duba.

Sai mu fara da asalin abin. Akwai irin motar nan guntuwa wadda ba ta da but mai tsawo, bayanta ƙofa ce guda da a ke ɗagawa sama har da gilashin. Kowa ya san Golf, wadda ke jigilar fasinja a tashoshinmu. To, ita ce misali. An ƙera irin wannan mota don mai ƙaramin ƙarfi, ya kai 'ya'yansa makaranta, ya ɗauko cefane. Sai waɗansu injiniyoyi na kamfanin Volkswagen a Jamus suka ce bari su sa wa Golf inji mai ƙarfi, su ƙarfafa mata ƙafafu, su ga abin da zai faru. Aka nuna ta a Frankfurt a 1975, aka fara sayarwa a 1976 da sunan Golf GTI. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, nauyinta kuma kilo 810 kacal. Harafin I na ƙarshen sunan yana nuna cewa injekta ce ke fesa wa injin fetur, ba kafireto ba, abin da ba a saba gani a ƙananan motoci ba a wancan zamani. Kamfanin ya yi shirin ƙera 5,000 ne kawai. Kafin a daina wannan samfuri na farko, an sayar da fiye da 460,000.

Da sauran kamfanoni suka ga haka, kowa ya shiga kasuwa. Wadda ta fi yin suna a cikinsu ita ce Peugeot 205 GTI ta 1984. A lokacin kamfanin yana cikin matsin kuɗi, bayan ya sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, kuma 205 ce ta fid da shi kunya. Ta fara da ƙarfin doki 105, a 1986 aka ƙara mata inji mai lita 1.9 da doki 130, nauyinta kuwa wajen kilo 880. Wata 'yar'uwarta da aka ƙera musamman don tsere, 205 Turbo 16, ta ci gasar duniya ta tseren daji a 1985 da 1986, sa'an nan a 1987 wani mutumin Finland, Ari Vatanen, ya ci tseren Paris zuwa Dakar da ita, tseren da ya ratsa hamadar Nijar. Iyayenmu sun fi sanin Fijo 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, amma a Turai in aka ambaci Peugeot wurin masu son gudu, 205 GTI ce ke faɗo musu a rai. Wannan suna ne sabuwar motar ta ke so ta gada. Har jan kafet aka shimfiɗa mata a ciki, aka yi wa ƙarfen tayoyinta ramuka kewaye, duk don a tuna da tsohuwar.

Mai karatu zai ce, to me ya sa ba a sa mata injin fetur ba? Dalili shi ne doka. A 2020 Tarayyar Turai ta tsananta iyakar hayaƙin da motocin kowane kamfani za su fitar, in an haɗa su duka an raba: giram 95 a kowace kilomita. Kamfanin da ya zarce, sai ya biya tarar yuro 95 a kan kowane giram, a kan kowace mota da ya sayar. Ƙaramar mota mai zafin gudu tana shan mai da yawa, ribarta kuwa kaɗan ce, saboda haka aka yi ta yar da su ɗaya bayan ɗaya. Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023. Renault ya rufe babin Mégane R.S. a wannan shekarar. Hyundai ya janye i20 N daga Turai a 2024. Wanda ke son ya ci gaba da sayar da irin wannan mota a can, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce lantarki.

Yanzu ga lissafin da kamfanin ya bayar. E-208 GTi tana da ƙarfin doki 280, watau ya ninka na tsohuwar 205 fiye da sau biyu. Daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 100 a awa, sakan 5.7 ta ke yi, alhali tsohuwar sai ta kusa cin sakan 8. Abin da ya sa motar lantarki ke fizga haka shi ne, injin fetur sai ya ɗau zafi ya yi juyi da yawa kafin ƙarfinsa ya fito, direba kuma yana ta canja giya, amma na lantarki da an taka totur ƙarfinsa duka ya zo. An rage mata tsawo daga ƙasa da milimita 30, an kuma buɗa tsakanin tayoyinta don ta zauna daram a kwana. Akwai kuma wata na'ura tsakanin tayoyin gaba wadda ta burge ni ƙwarai. In mota ta shiga kwana da gudu, nauyi ya kan koma kan tayar waje, ta ciki ta yi sakayau ta riƙa juyawa a banza. Aikin wannan na'ura shi ne ta hana ƙarfin injin zurarewa ta tayar da ba ta kama ƙasa ba, ta tura shi ga wadda ta kama.

Duk wannan da kyau. Amma nauyinta ya kusa kilo 1,600. Ku sake duba na Golf ta 1976, za ku ga sabuwar ta kusa ninka ta. Batir ne ya jawo haka. Batirin yana ɗaukar yunit 54 na wuta, irin yunit ɗin da mu ke saye a mita. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9, ke nan duk wannan ƙaton batir mai nauyin ɗaruruwan kilo bai fi lita shida ta fetur ba. Abin da ya cece shi shi ne injin lantarki ba ya ɓarna, kusan duk abin da aka ba shi ya kan mai da shi tafiya, shi kuwa na fetur wajen kashi biyu cikin uku na mansa a zafi ya ke ƙarewa, ta lagireto da salansa.

Na ɗauki biro na raba nauyin kowace mota da ƙarfin dokinta, don in ga kilo nawa kowane doki ke ja. A Golf ta 1976 doki ɗaya yana jan kilo 7.4. A 205 mai lita 1.9, kusan kilo 7. A sabuwar Fijo, kilo 5.7. A takarda dai ta ci. Sai dai wannan lissafi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ya ke aiki. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa abu mai tafiya ba ya son a tsai da shi ko a karkata shi, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon taurin kansa. Doki 280 za su taimake ka wajen tashi, amma in ka zo kwana ko ka taka birki, ba ruwansu, taya huɗu ne kawai za su yi kokawa da kilo 1,600. Duk wanda ya taɓa tura baro fanko, ya kuma tura shi cike da bulo, ya san bambancin a wurin juyawa. Abin da ya sa aka so 205 GTI ba yawan gudu ba ne, rashin nauyi ne, da ka taɓa sitiyari ta amsa. Gaskiya ne an shimfiɗa batirin sabuwar a ƙarƙashin kujeru, nauyin ya zauna ƙasa-ƙasa, wannan kuwa yana rage tangaɗi. Amma sauke kaya ƙasa daban, rage kaya daban.

Ga kuma wani abin mamaki da ba kowa ya lura da shi ba. Iyakar gudun sabuwar motar kilomita 180 ne a awa. Golf GTI ta 1976 tana yin 182, 205 mai lita 1.9 kuwa ta wuce 200. Da gangan aka ƙayyade mata, domin in gudu ya ninka, turjiyar iska ta kan ninka sau huɗu, batir kuwa nan da nan sai ya zube. Ni wannan bai dame ni ba. Wa ke da hanyar da zai yi 180 a kanta ya kuma koma gida lafiya?

Sai kishiyoyi. Babbar cikinsu 'yar ƙasarsu ce, Alpine A290, wadda aka gina a kan sabuwar Renault 5, ita ma a Le Mans aka nuna ta a 2024, kuma ita da Renault 5 ɗin suka ci kyautar motar shekara ta Turai ta 2025. Mafi ƙarfinta doki 220 gare ta, sakan 6.4 zuwa gudun 100. Fijo ta fi ta doki 60, amma Alpine ta fi ta sauƙin nauyi da fiye da kilo 100, kamar ka sauke buhun masara ne daga mota. Akwai Mini John Cooper Works mai lantarki, doki 258, sakan 5.9, ita kuma tana kai wa 200. Abarth 600e da Lancia Ypsilon HF ba na lissafa su cikin kishiyoyi sosai, don tun 2021 kamfanoninsu da Peugeot suna ƙarƙashin uwa ɗaya mai suna Stellantis, injin lantarkinsu ma iri ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Volkswagen shi ma ya sanar a 2025 cewa zai fito da ID. Polo GTI mai lantarki. Da ya ke babu injekta a motar lantarki, kamfanin ya ce harafin I yanzu basira ya ke nufi. Wannan dai wayon 'yan kasuwa ne.

A ɓangaren fetur, Golf GTI ta 2024 tana da doki 265 kuma tana kai wa 250, amma ta girma ta yi jiki, ba sa'ar waɗannan ba ce. Wadda na fi ƙauna ita ce Toyota GR Yaris ta Japan, wadda ta fito a 2020. Injinta silinda uku ne kawai, samfurin 2024 yana ba da doki 280 daidai da Fijo, tayoyi huɗu duka suna ja, nauyinta kuwa wajen kilo 1,280. Kowane doki kilo 4.6 ke nan. In ana maganar wadda ta gaji halin 205, ni ita zan nuna, ko da ya ke ba gidansu ɗaya ba. A cikin masu lantarki kuwa, in tsere ne daga wannan fitila zuwa waccan, Fijo ce. In hanya ce mai kwane-kwane, ba zan yi gaggawar raina Alpine ba.

Wataƙila wani uba zai ce, yaro, ina ruwanka da motar da ko a mafarki ba za mu saya ba? Ranka ya daɗe, Golf ɗin da ke cike da tashoshinmu ma a Turai aka saye su sababbi a shekarun 1990, suka tsufa can, aka kawo mana su ta Kwatano. Abin da Turawa ke ƙerawa yau, shi ne kanikawanmu za su buɗe wa bonet nan da shekara goma sha biyar, lokacin da mu 'yan aji huɗu da biyar za mu zama masu aikin. Shi ya sa ya kamata a auna motar da ma'auninmu. Kamfanin ya ce caji ɗaya zai kai ta kilomita 350 a gwajin Turai. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, ke nan za ta je amma ba za ta dawo ba sai an sake caji, balle in an kunna na'urar sanyaya mota a watan Afrilu. A tashar caji mai ƙarfi irin ta Turai, ƙasa da rabin awa ya isa a ɗaga batirin daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Da ƙaramin janareta mai ba da kilowat ɗaya kuwa, cika shi daga fanko zai ci awa 54 ko fiye, kwana biyu da 'yan kai, ga fetur ɗin da aka ce an guje wa ana ta ƙonawa. Milimita 30 ɗin nan da aka rage mata ma abin dubawa ne a titi mai ramuka, tun da a daidai nan ƙasa batirin ya ke.

Aikin gareji shi ma zai sake. Babu fulogi, babu kuloci, babu juyen baƙin mai, babu salansa. A maimakonsu akwai kwamfuta da a ke jonawa ta faɗi inda ciwo ya ke, da kuma manyan wayoyi masu ruwan lemo. An ba su wannan launi ne don gargaɗi. Batirin motar fetur da yaran gareji ke ɗauka a kafaɗa bolt 12 ne, wutar gidajenmu 230, abin da ke bin waɗannan wayoyi kuwa wajen bolt 400 ne, kuma ba a taɓa su sai an kashe layin an sa safar hannu ta roba da aka yi don wannan aiki.