Ɗaukar Hoton Hawan Daura: Sanin Hawa Ya Fi Tsadar Kyamara

Duk shekara, a Hawan Sallah, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani ta watan Mauludi, ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, kan cika da masu kyamara da masu waya. Sai dai in an watse aka duba abin da aka ɗauko, akasari ƙura ce da ƙeyar 'yan kallo da dawakin da suka dushe. Nan da nan a ɗora wa na'ura laifi. A ganina, ba a nan gizo ke saƙar ba: sanin doki da tsarin hawa shi ne rabin aikin.

Dokin da aka sake wa linzami yakan yi gudun kilomita 40 a awa, wato kusan mita 11 a daƙiƙa guda. Idan idon kyamara ya ƙifta cikin kashi 1 bisa 60 na daƙiƙa, dokin ya riga ya gusa da kusan santimita 18, shi ya sa hoton ke fita dishi-dishi. A kashi 1 bisa 1,000 kuwa, gusawar ba ta wuce santimita guda da 'yan kai ba, har tufafin jalala da bakin mashi su fito tangaram. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1878, a Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, ya nuna cewa akwai lokacin da kofatan doki huɗu duk suke sama. Dabarar jeri da lissafin lokaci ce ta ba shi nasara, domin a wasu fuskokin wayar da ke aljihun yaro a yau ta fi kayan aikinsa. Mai son a ji gudun a cikin hoton kuma sai ya sassauta ƙiftawar, ya riƙa bin mahayin da kyamara, mahayin ya fito sarai, taron da ke bayansa ya shafe.

Lissafi kaɗai ba ya isa. Hawa yana da jeri: hakimai da tawagarsu, 'yan bindiga, 'yan lifidi, dogarai, zagage, sannan Sarki a ƙarƙashin laima. Wanda ya san wannan ya san cewa ƙololuwar jahi ita ce lokacin da mahaya suka ja linzami gaban Sarki suka ɗaga hannu suna jinjina, don haka zai kafa kyamararsa can tun kafin dawaki su taso. Ya kuma san cewa ranar da ke bayan ƙura takan mayar da ita ado, yayin da ta tsakar ka ke binne fuskar mahayi a inuwar rawani.

Wani zai ce ai kayan aiki ma suna da ranarsu. Gaskiya ne. Gilashi mai jawo nesa, irin na milimita 70 zuwa 200, yana ba mutum damar tsayawa inda doki ba zai bi ta kansa ba, kuma bidiyo mai hoto 120 a daƙiƙa shi ke ba da damar rage gudun sukuwa a ga kowane taku. Amma wayoyi da yawa suna yin na biyun, tudu mai kyau kuma yakan rage buƙatar na farkon. Wani kuma zai kawo batun jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Yana nuna faɗin taro, amma ƙuginsa na iya firgita doki a cikin jama'a, tashinsa yana buƙatar izinin hukuma, kuma daga sama ba a jin kakaki da algaita da kirari, waɗanda sai an sa makirfo kusa da makaɗa ake kama su.

Tun da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024, idon baƙi ya ƙara karkata ga hawan ƙasar Hausa. Matashin Daura da ya tashi yana bin dawaki yana da ilimin da baƙo ba zai saya a kanti ba. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi sarrafa na'urar da ke hannunsa, ya nemi izinin fada, ya rubuta sunan kowane hakimi da shekarar da aka ɗauka, don hoton ya yi wa masu binciken tarihin masarautar amfani.